Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Rufe Makarantar Kuɗi Ta Garinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ja zamanin Sarki. Muna gaida dagacinmu da masu unguwanni da liman da sauran dattawan kwamitin da ka naɗa a kan wannan magana.

Ni tsohon malamin firamare ne. Na kama alli a 1978, lokacin da shirin UPE na 1976, wato na ilimin firamare ga kowa, ya cika azuzuwa da yara har ana neman malamai ido rufe, na ajiye a 2013 bayan shekara 35. Jikokina biyu suna makarantar da aka rufe. Iyayen sauran yaran sun zauna a ƙofar gidana bayan la'asar, manoma da masu facin taya da direbobi, matan kuma suka aiko da nasu saƙon ta bakin uwargidana, aka ɗora min in rubuta. Sau biyu muka zo fada, sau biyu ana ce mana magana tana hannun kwamiti. Ba raini ya sa muka fito fili ba. A waya aka ɓata sunan garinmu, shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye tamu amsar inda masu zaginmu za su gani.

Yau sati uku ke nan da aka garƙame ƙofar makarantar da kwaɗo. Abin da ya jawo haka kowa ya sani: wani ɗan bidiyo da bai kai minti ɗaya ba. An ga yara maza uku, biyu suna daka, ɗaya ya durƙusa yana hura wuta a murhu, can gefe kuma 'yan mata sun buɗe fitilar sola suna leƙa cikinta. Wani ya ɗora rubutu a kai cewa ga makarantar da ake mayar da maza mata, mata maza. Daga WhatsApp ya hau Facebook, daga can TikTok, kafin kwana uku har an yi shirin kiran waya a kansa a rediyo. Mutanen da ba su san ko ta wace hanya ake shigowa garin nan ba sun yanke mana hukunci daga Legas da Abuja. Wani ya ce kuɗin Turawa ne, wani ya ce an hana yara sallah, wani ya rantse ana ba 'yan mata ƙwayoyi. Ran Juma'a aka yi sanarwar rufewa a masallaci, ran Litinin yara suka zo da jakunkunansu suka tarar da kwaɗo.

Ƙorafinmu na farko, kuma shi ne uwar sauran, shi ne an rufe kafin a bincika. Har yau da nake wannan rubutu babu ɗan kwamiti ko ɗaya da ya taɓa zama a ajin makarantar nan ana darasi. Ba a kira uba ko ɗaya an tambaye shi me ɗansa yake koyo ba. Mai makarantar, wadda 'yar garin nan ce, kowa ya san gidansu da kakanninta, an kira ta sau ɗaya, aka karanta mata hukunci, ba a ce ta yi bayani ba. Ranka ya daɗe, a zaurenka muka saba ganin ko rikicin iyakar gona ne sai ka ji ta bakin kowa, ka tura a je a ga kan iyakar da ido, sannan ka yi magana. Abin da muke nema ke nan a yi wa makarantar 'ya'yanmu.

Ba mu ce tsoron jama'a shirme ba ne. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Babu wanda ya manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a cikin Kano, abin da ya sa a farkon 2022 gwamnati ta janye lasisin makarantun kuɗi ta ce kowa ya zo a sake tantance shi. A 2023 kuma an haramta wasu littattafai a makarantun jihar nan saboda abin da aka ce suna ɗauke da shi na ɓata tarbiyya. Duk uban da ya ji an ce ana wani abu a ɓoye a makaranta dole hankalinsa ya tashi, mu ma namu ya tashi. Bambancin kawai, mu muna da yaran a gida, mun tambaye su, wasunmu kuma mun sha shiga makarantar ba tare da sanarwa ba.

Bari in faɗi abin da na gani ranar da aka ɗauki bidiyon nan, don ina wurin, na kai wa jikana maganin tari. Ranar Alhamis ce, ranar da suke kira ta aikin hannu. Yaran sun girbe waken da suka shuka a lambun makaranta, malamin lissafi ya sa aka auna shi da kwano, ya tambaye su in buhu kwano arba'in ne, nasu ya kai kashi nawa na buhu, in kuma aka kai kasuwar Dawanau aka cire kuɗin mota da na ɗan dako, me zai rage. Sun yi ta gardama a kan kuɗin ɗan dako har sai da ya tsawatar. Bayan nan aka raba su rukuni-rukuni, wasu girki, wasu gyaran fitila, wasu ban ruwa, sati mai zuwa a juya. Wanda ya ɗauki hoton bai jira juyin ba. Da azahar ta yi na ga an jera butoci, maza suka yi sahu a gaba, mata a baya, wani yaro ɗan aji biyar ya ja sallah. Wannan ba ya cikin bidiyon.

Ni ba malamin addini ba ne, kuma ga liman a kwamiti, shi zai gyara min in na kauce. Amma tun muna yara muke jin cewa Nana A'isha ta ba da labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida. Sannan mu duba garinmu. Wane ne yake dafa wa samarinmu abinci in sun tafi ci-rani Kudu? Masu shayi da masu tsire da masu dafa taliya a tasha, mata ne? Almajirin da ya kwana uku bai samu sadaka ba, wa yake hura masa wuta? Ba mu taɓa cewa waɗannan sun zama mata ba.

Magana ta biyu ita ce ta bulala, don na lura ita ta fi ci wa dattawa rai, ko da ba ita ta fito a waya ba. Gaskiya ne ba a duka a makarantar nan. Yaron da ya yi laifi ana zaunar da shi a tambaye shi, a sa shi ya gyara abin da ya ɓata, in ya maimaita a kira ubansa. Da farko ni ma dariya na yi, na ce wa mai makarantar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta ce min, Baba, tanƙwarawa daban, karyawa daban. Na yi shiru, don ta taɓo min wani tabo.

A farkon aikina akwai wani yaro a aji uku da ba ya iya haddace jadawalin sau. Kullum safiya sai ya miƙo hannu, bulala shida, wani lokaci goma sha biyu. Har yau ina ganin yadda yake shafa tafin hannunsa a gefen wando kafin ya miƙo. Wata rana bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba. Yanzu dattijo ne da furfura, yana sayar da igiya da mangala a kasuwa. Duk ranar da ya gan ni sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce malamina, ni kuwa in kasa haɗa ido da shi. In ka ba shi lissafin ciniki zai yi maka shi da ka kafin ka ciro waya, amma sunansa ba ya iya rubutawa, da ɗan yatsa yake dangwale. Ashe ba daƙiƙi ba ne, tsorona ne ya toshe masa kai. Irinsa nawa na kora a shekara 35, Allah kaɗai ya sani, ina kuma roƙon ya yafe min. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma, ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Ban ce kowane gida ya jefar da tsumagiya ba, wannan tsakanin uba da ɗansa ne. Amma a ce makaranta ta cancanci kwaɗo don ba ta duka, wannan ban san a wane littafi aka samo shi ba.

Sai batun Hausa. Ana cewa wace irin makarantar kuɗi ce za ka biya a koya wa ɗanka yaren da ya tashi da shi. To, a aji ɗaya zuwa uku da Hausa suke fara karatu da lissafi, Turanci yana matsayin darasi guda, daga aji huɗu a ƙara masa ƙarfi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909 da Hausa ta fara, har da koyar da sana'ar hannu. A shekarun baya hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar nan, wato SUBEB, da British Council sun gwada shirin KaLMA a Dawakin Tofa da Wudil, inda ake raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke, a fara da harshen da suke ji. Gwamnatin tarayya ma a 2022 ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 ta janye ta koma kan Turanci. Ke nan ko a Abuja ba a gama tsayar da magana ba, masana suna ta ja-in-ja. Abin da ni na sani shi ne abin da ya faru a ɗakina. Idona ya yi rauni, saƙon waya sai na nemi mai karanta min. Amaryata, wato jikata 'yar aji biyu, rannan ta karɓe wayar ta karanta min saƙon ƙanina daga farko har ƙarshe, tana bin layi da ɗan yatsa, ta tsaya a wata kalma ta ce, Kaka, nan ya manta ƙugiyar ƙa. Na koyar da 'yan aji shida da ba za su iya wannan ba, kuma laifin ba nasu ba ne.

Yanzu bari mu zo kan abin da sati ukun nan ya jawo. An ce a mayar da yaran firamaren gwamnati. Ranka ya daɗe, ka san halin da take ciki, ba kuma laifin hedimasta ko malamanta ba ne, abokan aikina ne, suna iya ƙoƙarinsu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A can aji ɗaya ya ninka haka ya ƙara, rabin yaran a ƙasa suke zaune, aji biyu kuma iska ta yaye rufinsu tun damina. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, wato ta amsa cewa akwai gyara babba a gaba. A irin wannan hali ne za a kwashe yara daga inda suke da wurin zama a tura su inda babu? Shi ya sa akasarinsu ba su je ko'ina ba. 'Yan matan sun koma ɗaukar farantin talla, na ga uku a tasha da gyaɗa da awara har bayan magariba. Mazan suna bin shanu ko suna yawon harbin tsuntsu da danƙo. 'Yan aji shida da ke shirin jarrabawar shiga sakandare suna zaune. Akwai wata da ubanta dama da ƙyar aka shawo kansa ya bar ta, yanzu ya ce ai ga shi nan manya ma sun tabbatar boko ɓata yara take yi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, jihar nan kuma ta jaddada ilimi kyauta kuma dole a 2019. Hukuncin da aka yi don kare yara ya fitar da su daga aji ya kai su bakin titi.

Malaman makarantar ma 'ya'yan garin nan ne, albashinsu daga kuɗin zango yake fitowa. Ɗaya har ya tattara ya tafi Kano tuƙin adaidaita.

Kada a ɗauka mun zo wanke makarantar tas. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma mun faɗa wa mai makarantar haka a gabanta. Malaminta ne ya ɗauki yaranmu a waya ba da izininmu ba, daga hannunsa hoton ya fita, wannan kuskure ne babba. Katangar gabas ba a gama ta ba, kowa zai iya shiga. Makewayi guda biyu ne manne da juna, na maza da na mata, ya kamata a raba su nesa. Biyu daga cikin malaman ba su da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Ta kuma yi sakaci da ba ta fara zuwa gaban dagaci da liman ta yi musu bayanin tsarinta ba tun ranar da ta buɗe. Ta ɗauka aiki zai yi magana da kansa, ta manta a ƙauye ƙafa ce take fara magana. Ni kaina har gobe ban gamsu da hana ba da na ɗaya da na biyu a katin sakamako ba. Ta ce gasa tana karya gwiwar na baya, ni kuwa na ga yaran da gasar ce ta tashe su. Muna nan muna jayayya a kai. Amma duk waɗannan abubuwa ne da ake gyarawa ƙofa a buɗe, da wa'adi da sa ido.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A cire kwaɗon nan yara su koma aji, bincike ya ci gaba suna ciki. In an ga sai an dakatar da darasin ranar Alhamis har kwamiti ya gama, mun yarda, duk da ba mu ga laifinsa ba.

Kwamiti ya zo ya zauna a aji, ba sau ɗaya ba, kuma ba tare da sanarwa ba. Liman ya duba darasin addini da na Larabci, a baje duk littattafan da ake amfani da su a kan tabarma a bi su shafi-shafi. Gani ya kori ji. Muna roƙon a ƙara mata biyu a kwamitin, ko malaman Islamiyya ko ungozoma, domin akwai tambayoyin da yarinya ba za ta amsa wa dattijo namiji ba, kuma zargin ƙwayoyin nan ba zai mutu ba sai mata sun bincika sun faɗa da bakinsu.

Maganar kuɗin waje kuwa, a sa mai makarantar ta kawo takardar rajistarta da littafin shige da ficen kuɗi gabanka. In akwai mai ba ta tallafi, a faɗi sunansa da abin da yake nema a bainar jama'a. In babu, a faɗa a masallacin da aka yi sanarwar farko, da lasifikar da aka yi ta. Ka kuma rubuta wa hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha ta turo masu duba makarantu, tunda su doka ta ba ikon ba da lasisi da karɓe shi, su auna ta da ma'aunin da suke auna kowa.

A ba ta wa'adi a rubuce na gama katanga da raba makewayi, malaman nan biyu kuma su shiga karatun NCE ko a sauya su. Mu iyaye mun ɗauki alkawarin bulo da aikin gayya. A kafa kwamitin iyaye da malamai mai wakilin dagaci a ciki, a kuma hana ɗaukar hoton kowane yaro sai da yardar ubansa.

Muna kuma roƙon ka ja kunnen samarin da suke bin yaran nan da waƙar 'yan daudu a hanya. Jikana ɗan shekara tara, wanda shi ne mai hura wutar a bidiyon, kwana biyar ya ƙi fita ko masallaci sai na riƙe hannunsa. In har kwamiti ya samu wani abu na saɓa wa addini ko tarbiyya a makarantar nan, ni zan fara cire jikokina, kuma zan sake rubuta wata wasiƙar a nan in ce na yi kuskure.

Akwai ƙaramin roƙo guda da ba sai an jira kwamiti ba. Irin tumatir da albasar da yaran suka yafa yana cikin lambun, bayan ƙofar da aka kulle, ga hunturu ya busar da ƙasa. Mai gadi yana miƙa ruwa ta saman katanga da bokiti, ba ya kaiwa kwamin da ke tsakiya. A ba shi mabuɗin ƙaramar ƙofa, ko na awa ɗaya ne da safe. Ran Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo fada mu biyar, da mata biyu a cikinmu, mu ji abin da ka yanke.

Allah ya taimake ka, ya ƙara maka adalci.

Naka mai biyayya,
Tsohon malamin firamare,
a madadin iyayen yaran makarantar.